Na Ari Tafiyar Gwaggona Na Ba Muguwar Katun

Anti mai shawara, don girman Allah ki taimake ni. Kwana tara suka rage mini, kuma na rasa wanda zan gaya wa maganar nan bai yi mini dariya ba.

Ni mai zane ce. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke yin katun na yara, mu bakwai a ɗaki ɗaya da fanka ɗaya. Aikina shi ne ƙirƙiro mutanen labari. Marubuci zai ce akwai yaro mai ƙiriniya ko tsoho mai mantuwa, ni kuma in ba shi jiki da fuska da kaya, in zana shi ta gaba, ta gefe da ta baya, sannan masu motsa zane su karɓa su sa shi tafiya da magana.

A sabon shirinmu akwai wata mata da ake kira Mai Makulli. Ita ce ke kulle famfon gidan haya, tana korar yara in sun zo wasa. Ita ce muguwar labarin, ita kuma ake wa dariya. Sau bakwai ina zana ta, sau bakwai Oga na dawo mini da ita. Yana da wani gwaji da yake yi mana: a cike zanen da baƙi ƙirin, ba ido ba baki, sai inuwa kawai, a manna a bango. In daga bakin ƙofa ba a gane ko wace ce ba, ta faɗi. Matan nan nawa bakwai, da aka baƙanta su, duk sai suka koma buhu da ɗankwali. A na ƙarshe ya ce in daina kwafar zanen wasu daga waya, in buɗe ido in kalli mutane masu rai.

To, Anti, na buɗe idon, amma a gida na buɗe shi.

Gwaggona ce ta raine ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. Tela ce. Shekara talatin tana taka keken ɗinki da ƙafar dama har ƙugunta ya karkace, yanzu in tana tafiya sai ta jefa ƙafar gefe ta jawo ta. Tana ɗaura ɗankwali da wani dogon ƙulli a saman kunnen hagu, kuma makullanta goma sha ɗaya na rataye a bakin zaninta, tun daga soro ake jin zuwanta. Ran nan ina zaune ta wuce ta gabana da bokiti, hannuna ya kama fensir da kansa. Minti goma ban cika ba na gama. Washegari na baƙanta, na manna a bango. Oga ya tsaya a bakin ƙofa ya tafa hannu, ya ce yau ce ranar da na zama mai zane.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Shekara uku ina jiran kalmar nan.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne wanda ya biyo baya. Abokin aikina mai motsa zane, muna ce masa Dogo, ya kasa gane yadda ƙafar ke tafiya, ya ce in gwada masa ya ɗauka a waya. Na ɗaura gyale a ƙugu, na ari makullan ofis, na yi tafiyar Gwaggo daga tagar ɗakin zuwa ƙofa. Aka fashe da dariya, har da mai riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar, na ƙara yi musu sau biyu. Ban gaya wa kowa tafiyar wa ce ba.

Yanzu Dogo ya yi wata biyu yana aiki a kan tafiyar nan, an gama kashi uku cikin shida. A kashi na uku Mai Makulli tana bin yara da gudu, ƙafar ta harɗe ta, ta faɗa kwata. Makon jiya yayana ya karɓi wayata zai kira matarsa, ya ci karo da baƙar inuwar nan. Ko tambaya bai yi ba, ya ce ashe na zana Gwaggo. Da ya ga faɗuwar kwatar sai ya ajiye wayar a kan tabarma ya fita, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Ita kuwa baiwar Allah ba ta san komai ba. Ta gaya wa duk masu kawo mata ɗinki cewa 'yarta ce ke yin katun ɗin da za a nuna a talabijin, har ta sa an gyara tata da ta shekara biyu a mace. Ita ce ta fara saya mini fensir mai launi. Tun ina 'yar makaranta take tsokanata, wai na zana kowa har kyanwar maƙwabta, ita sai yaushe. Kullum in ce sai na ƙware. Makullan nan ma ba mugunta ba ce, ɓarayi ne suka taɓa kwashe mata kayan mutane na ɗinki, tun daga ranar ko akwatin zare sai ta kulle.

Oga ya ce daga ranar Alhamis ta sama an rufe gyara. In na yi shiru, yaran layinmu za su gane ta a minti ɗaya, kuma na san su, za su bi ta da tafiyar nan har bakin shago. In na yi magana, na zubar da aikin Dogo na wata biyu, ga shi wannan ne zanen farko da aka taɓa yaba mini. Wani lokaci ina ce wa kaina ai duk masu zane haka suke yi, daga mutane ake ɗauka. Wani lokaci kuma in ji ƙarar makullanta a soro sai in ce na ci amanarta. Gaba kura baya sayaki. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Fensir

*

'Yata Mai Fensir,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban yi dariya ba. Da yake ni ko kaza ban iya zanawa ba, sai na ɗauki wasiƙar na kai wa dattijon da ke yi wa jaridar nan zane, wanda ya fara aikin tun kafin a haife ki. Abin da zan gaya miki rabi nasa ne, rabi nawa.

Mu fara da inda kike da gaskiya. Ogan naki bai yi ƙarya ba, kuma ba ki yi laifi ba da kika kalli mutum mai rai. Dattijon ya ce duk zanen da bai fito daga jikin wani ba buhu ne da ɗankwali, kamar yadda kika faɗa. Sai dai ya ce ba a ɗauko mutum ɗaya ɗungurungum. Shi ƙa'idarsa mutum uku ce: jiki daga wannan, tufafi daga wancan, hali daga na uku, ta yadda kowa zai ce ya san mai irin wannan, amma ba wanda zai iya nuna ƙofar gidanta. Ke kuwa kin kwashe ƙugu, ɗankwali da makullai daga mace ɗaya, kika ɗora mata halin da ba nata ba. Shi ya sa gwajin inuwar ya ci har ya wuce gona da iri. Yayanki ya gane ta ba ido ba baki.

Ya kuma yi wata tambaya da nake so ki yi wa kanki: a cikin abubuwa ukun nan, wanne ne ke ba da labari? Makullai suna gaya wa yaro cewa matar nan mai kullewa ce. Ƙullin ɗankwali yana sa a hango ta daga nesa. Ƙafar fa, me take faɗa? Ba ta faɗar komai sai cewa mai ɗingishi abin dariya ce. Ko da ba ki da gwaggo a duniya, wannan darasi ne da bai kamata a zaunar da yara gabansa ba, kuma a cikin masu kallo akwai yaran da haka suke tafiya. Wannan ita ce hujjar da za ki shiga da ita wurin Oga, domin hujjar aiki ce, ba ta kuka ba.

Gobe da safe za ki je, ba ranar Laraba da yamma ba. Ki fara da Dogo, shi ne guminsa zai zube, bai kamata ya ji a bakin wani ba. Ki gaya masa tafiyar wa kika gwada masa, ki ce ya goge abin da ya ɗauka a waya. Sannan kada ki shiga ofishin Oga hannu rabbana. Ki tafi da sababbin inuwa uku a baƙance: wata mai gajeren taku da sauri ƙirji a gaba, wata doguwa mai sanɗa, wata duk yadda idonki ya ba ki. Ki canza ɗaurin kan. Makullan ki bar mata, amma ki mayar da su wuya ko hannu. Dattijon ya ce fuska da murya da bango duk suna nan, tafiyar ce za a sake, aiki ne mai yawa amma ba rushe gida ba ne. Ki ce za ki zauna da Dogo ki ɗauki rabin wahalar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Zai yiwu Oga ya yi faɗa, zai yiwu ma ya ƙi. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma ki cire tsoron nan na cewa wannan ne zanenki mai kyau tilo. Idon da ya ga Gwaggo cikin minti goma yana nan a fuskarki, kuma mutane ba su ƙare a titi ba.

Saura babbar maganar. Ko an gyara ko ba a gyara ba, Gwaggo za ta ji, kuma daga bakinki ya kamata ta ji. Na san abin da nake faɗa. Na taɓa kawo halin wata 'yar'uwata a filin nan ban ambaci suna ba, ina ganin na yi wayo, ashe duk dangi sun gane. Shekara biyu ba ta taka gidana ba, kuma ta ce ba rubutun ne ya fi ƙona mata rai ba, ji a bakin maƙwabciya ne. Ki gaya wa Gwaggo duka, har da dariyar ofis. In ta yi fushi ki bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Kada ki ce mata ai haka ake yi a aikinku. Yayanki kuwa ki ƙyale shi, in ya ga kin gyara zai sauko da kansa.

Akwai layi ɗaya a wasiƙarki da kika wuce shi da gudu, ni kuma a nan na tsaya. Matar nan ta yi shekaru tana roƙon ki zana ta, kina cewa sai kin ƙware. To ga shi kin ƙware, Oga ma ya shaida, kuma a yau zanenta ɗaya tak da ya fito daga hannunki shi ne wanda take faɗawa kwata. Ranar da za ki je, ki tafi da takarda mai kyau da fensiran nan masu launi. Bayan kin gama faɗin abin da za ki faɗa, in ta yarda, ki zaunar da ita a gaban kekenta ki zana ta da ido da baki da komai, har makullan goma sha ɗaya. In ba ta yarda ranar ba, ki koma washegari.

Allah ya sanyaya zuciyar Gwaggo, ya ba ta lafiyar ƙafa, ke kuma ya yi wa hannunki albarka.

Antinki