Muryar Malam Na Cikin Kwamfutar Da Ta Ƙi Buɗewa

Anti Turai, ki taimake ni don girman Allah. Kaina ya ɗaure, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan ba tare da an yi min wata fassara ba.

Mijina malamin firamare ne, muna zaune a Safana, yana koyarwa a Runka. Wata uku ke nan Allah ya yi masa rasuwa, hatsarin babur a hanyar dawowa daga makaranta. Ina cikin takaba yanzu, da 'yarmu ɗaya 'yar shekara biyu.

Bara ne Malam ya kamu da son wata kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan kamar allo, babba mai tsada. Wata da watanni yana kallon bidiyon masu sharhi a kanta, har na haddace maganganunsu ba don ina so ba. Wai ko da tsakar rana ana ganin rubutu a fuskarta tar. Wai cajinta na kwana biyu, ga mu a garin da wuta sai an ga dama. Wai alƙalaminta na bin hannu kamar a takarda, sautinta kuma ya ishi aji guda. Ni kuwa abin da kunnena ya riƙe shi ne inda masu sharhin suka ce tsadarta ta yi yawa, alƙalamin ma daban ake saye, kuma duk da haka ba ta aikin babbar kwamfuta. Na yi ta maimaita masa wannan, ya ƙi ji. Ya kwance bijimin da muka turke, wanda na shekara ina dama masa dusa, ya kai shi kasuwa.

Anti, na yi fushi, kuma ni fushina ba ya saurin sauka. Ran da ya kawo kwamfutar baki har kunne, ya nuna min yadda take buɗewa da zarar ta ga fuskarsa. Ya ce wannan ne masu sharhi suka fi yabo, ko ɓarawo ya ɗauke ta ba abin da zai gani. Ya ce in zo ya faɗa min lambar sirrin saboda halin rayuwa. Wallahi toshe kunnuwana na yi da yatsu, na ce ya je ya faɗa wa bijimin. Sau uku yana tayar da maganar, daga nan ya ƙyale ni.

Da ita yake ɗaukar darasi da muryarsa lokacin da aka rufe makaranta saboda rashin tsaro. Da ita ya ɗauki 'yarmu tana koyon tafiya, yana kiranta, yana yi mata wata waƙar shirme da shi ya ƙirƙira. Wayarsa ta farfashe a hatsarin, tawa kuma ƙarama ce mai tocila. Duk abin da ya rage na muryar Malam yana cikin kwamfutar nan, kuma ta ƙi buɗewa.

Ba abin da ba mu gwada ba. Na ciro hotonsa na ɗaurin aure na kara mata, ko gezau. Aka kira ƙaninsa Mani, da suke kama kamar an tsaga kara, ya sa hular Malam ya zauna gabanta, har yana gyara murmushi. Ta ƙi. Ranar na yi dariya, na yi kuka. Sai na koma cankar lamba, shekarar haihuwarsa, ranar aurenmu, lambar babur. Da farko ta ce in jira minti ɗaya, sai biyar, yanzu awa guda take ba ni.

Ga wan Malam, Yaya Surajo, ya ce da na fita takaba za a raba gado, kuma kwamfutar ce ta fi komai daraja a abin da ya bari. Ya je wurin mai gyara ran kasuwar Batsari, aka ce masa abu ne mai sauƙi, filashin za a yi mata ta dawo sabuwa a sayar. Na sa aka tambayi abin da ke ciki fa, aka ce sharewa zai yi kaf. Na ce ban yarda ba. Yanzu ana ta ƙus-ƙus a Darini, garinsu, wai na ga abin tsada na ƙanƙame. To ni da wane baki zan kalli wan mijina in ce muryar ƙaninsa nake son ji? Ko Inna mahaifiyarsa, da muke shiri, kunya ta hana ni. Fita ba ni da iko, balle in je Katsina in tambayi masu sani. Ina zaune ina kallon abin, ina kallon kwanakin takaba suna ƙarewa.

Yarinyar nan za ta tashi ba ta san muryar ubanta ba, kuma ni na ja mata. Yaya zan yi?

Mai takaba daga Safana

*

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya miki zuciya.

Daga yau kada kowa ya ƙara danna lamba. Na tambayi mai gyaran da na amince da shi, ya ce irin waɗannan in aka ci gaba da canka suna iya kullewa gaba ɗaya, wasu ma su share kansu. Hoto da hula ma a ajiye. Tun da ta kwana biyu a rufe, ko mai ita ne ya zo lamba za ta nema. Masu sharhin ba su yi ƙarya ba game da tsaronta, kuma ba zan yaudare ki ba, mai yiwuwa ba za ta buɗe ba.

Amma akwai wata hanyar. Waya kan fashe layin cikinta na nan lafiya, ki sa a tambayi wanda ya kwashe kayansa a wurin hatsarin. Irin wannan kwamfuta takan tura kwafin hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, kuma sau da yawa da layin mutum ake neman shiga. Ko ta samu turawa da irin sabis ɗin Safana, Allah ne masani. Sai dai layin da ya daɗe a kwance ana iya ba wani, don haka wannan ba ya jiran fitarki takaba. Mani ya ɗauki layin da shaidar rasuwa ya je ofishin kamfanin layin a Katsina a makon nan. Ki kuma aika wa shugaban makarantarsu. Darasi ba don kansa ya ɗauka ba, da wuya a rasa malamin da ya karɓa a wayarsa.

Surajo kuma bai zalunce ki ba. Kwamfutar gado ce, akwai haƙƙin wasu a ciki. Amma ba dole sai an sayar ba. In magada sun amince, mai rabo na iya sa ta a kasonki ko na 'yarki yadda take, ba filashin. Babanki ko waliyyinki ya nemi hakan tun yanzu.

Maganar toshe kunne, ki sauke ta. Duk matar da ta shekara tana dama dusa za ta yi fushi, kuma ba ki san ranar tana tafe ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shirunki. Mutanen Darini ba su san me ke ciki ba, tsada kawai suke gani, don ba wanda ya gaya musu. Ba sai kin kalli idon Surajo ba. Ki aika a kira miki Inna, ku shiga ɗaki ku biyu, ki gaya mata muryar ɗanta na cikin abin nan yana wasa da jikarta. Ita ma wata uku ke nan ba ta ji shi ba. Ba na jin bayan nan akwai wanda zai iya ɗaukar kwamfutar ya wuce ta gabanta zuwa kasuwa.

Allah ya raya miki yarinyar, ya sa ku ji abin da kuke nema.

Anti Turai