Jar Kuɓewar Inna Ta Yi Fure

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da addu'ar da ba ta yankewa, Allah Ya ƙara haske a makwancinki.

Kuɓewar da muke kyautata zaton taki ce ta yi fure a lambun ƙungiya. Na ce kyautata zato don ba na so in faɗa miki abin da ban tabbatar ba.

Kin san ƙungiyar masu lambu ta unguwarmu a nan Gwarzo, wadda kika yi wa dariya ranar da aka kafa ta, kina cewa yaushe shukar alayyafo ta kai a naɗa mata shugaba. To, tana nan, har ta ƙaru. Maza na haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a gindin mangwaron bakin fadama, mata kuma a gidan Hajiya Ladi, maƙwabciyarki. Ana gayyar shinge, ana karɓa-karɓar injin ban-ruwa, ana musun taki kamar an zo shari'a. Malam Ado ne shugaba har yanzu, kuma bai daina tsokanata ba. Duk na ɗauki fartanya sai ya ce, "Ɗan jarida, a hankali, wannan ba biro ba ce."

Ranar da na fi so ita ce ta musayar iri, gab da faɗuwar damina. A shimfiɗa tabarmi, kowa ya kwance ƙullinsa: rama, yakuwa, gauta, kabewa, zogale. Ba a sayarwa. Ka ɗiba, in kaka ta yi ka mayar.

Iri ɗaya ne ya daɗe ba ya hawa tabarmar, shi ne jar kuɓewarki, gajeriyar nan mai kauri da ba ta saurin tsufa, wadda 'yar kaɗan ke cika tukunya da yauƙi.

Ina tuna yadda kike adana ta. Ki bar waɗanda suka fi kyau su bushe a jikin kara, ki ɓare, ki cuɗa da toka, ki ɗura a gora, ki rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke bugunta. Daminar da kika rasu, ruwa ya ci rufin ɗakin. Da muka sauke gorar, baƙin dunƙule muka tarar a ciki. Yaya Hauwa ta zauna a dokin ƙofa riƙe da ita.

Mun bi gidajen unguwa. Kowa ya ci miyarta, babu wanda ya ajiye irin, tunda an san naki yana nan.

Sai bana aka gayyato masu lambu daga Garo da Durun zuwa musayar irin. A cikin matan akwai wata tsohuwa, Gwaggo Abu, mutuniyar Durun. Da ta ji ɗan wace ce ni, ta sa aka kira ni soron Hajiya Ladi. Ta kwance wani tsumma, ta zuba mini iri a tafin hannu, da toka a jikinsa. Ta ce, "Wannan na uwarka ne. A gidan suna ta ba ni, ta ce in riƙe mata."

Nan na tuna halinki. Duk inda za ki biki ko gaisuwa a wani gari, sai kin ƙulla iri a bakin zane. Muna ce miki ɓarna ce, ke kuma ki ce, "Irin da ya kwana gida ɗaya maraya ne." Ashe ajiya kike kaiwa.

Gwaggo Abu ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce shekaru tana shuka shi kusa da kuɓewar kasuwa, mai yiwuwa sun gauraya. Don haka ƙungiya ta ware masa fangali shi kaɗai, can nesa da sauran, aka zagaye da danga saboda awaki. Malam Ado da kansa ya hana kowa shuka kuɓewa a wannan gefen. Karan ya fito da ja-ja, amma ya ce kara ba shaida ba ne, sai an ga 'ya'ya.

Mun riga mun yanke shawara. In taki ce, ba za a taɓa 'ya'yan fari ba sai sun bushe, a raba kashi-kashi, a kai Garo, a kai Kabo, a mayar wa Durun nata. Yaya Hauwa ta roƙi a bar mata na miya ɗaya kawai. Ta ce harshenta ba zai yi mata ƙarya ba.

Muna lafiya, Inna. Gida ya gyaru, an sake rufin ɗakin girki, ƙusar gorarki na nan inda kika bar ta. Kewarki ba ta tafi ba, sai dai ta yi sanyi, ta zama abin da nake iya ɗauka zuwa lambu in dawo da shi.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa duk bakin da ya ci daga abin da kika shuka ya zama sadaka mai gudana gare ki, Ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna.

Ɗanki mai yi miki addu'a,
Sani

Na sake leƙa lambun kafin in rufe wasiƙar. Furen farko ya faɗi. Ɗan da ke ƙarƙashinsa bai kai kan ɗan yatsa ba, kuma launinsa bai bayyana ba tukuna.