Na Ɓoye Irin Gero, Maigidana Yana Jiran Ƙaho

Malama Hinda, don Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Ni da maigidana masu bi ne, shekara bakwai ke nan da aka yi mana baftisma a Dungas. A ƙauyenmu gidanmu kaɗai ne na Kirista. Wurin matar mai bishara na koyi karatu, ki yi haƙuri da rubutuna.

Kin tuna kakar bara da rana ta yi husufi, kaji suka nufi akurki da tsakar rana, gari ya ɗauki salati da bugun ƙwarya. Tun ranar maigidana bai koma daidai ba. Sai ga labarin Faransawa za su tafi. Sai kuma wani mai wa'azi, Ayuba, ya zo daga ƙetaren iyaka ya kwana uku a zaurenmu, ya lissafa masa alamu da yatsu, ya ce duk sun cika, Almasihu zai dawo kafin a ga wata kaka.

Bana bai yi sharar gona ba, bai kai taki ba. Ya buɗe rumbu yana ta rabo. Ya bi gida gida yana neman gafara, har wurin mutumin da suka yi shekara goma ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Wannan ban ƙi ba, gaskiya ma ya fi da sanyin hali, ko yara ba ya yi wa tsawa. Amma sai ya zo kan iri. Zangarniyar da muka zaɓa ɗaya bayan ɗaya muka rataye wajen hayaƙi, ya ce in sussuke in dama wa maƙwabta fura, wai duk wanda ya ajiye iri ya ƙaryata Ubangiji. Na dama kaɗan. Sauran na zuba a tulu na kai gidan yayata a Yekuwa, na dawo na ce masa an shanye. Malama, sai ya durƙusa ya gode wa Allah da ya ba shi mace mai bangaskiya. Ni kuma na ce amin. Wannan amin ɗin ce ta tsaya mini a wuya har yau.

Ga shi wansa Tanko ya riga ya je wurin maigari, ya ce gonar gandun ubansu ce, in damina ta faɗi ba a shuka ba a ba shi. Da ma tun da muka bi Almasihu danginsa suke neman hanyar ƙwace ta. 'Ya'yanmu uku. Ni kaɗai ba zan iya shuka ba, wa zai riƙe sungumi a gaba in bi shi ina zuba iri? In na kira ƙannena, asirina ya tonu.

Abin da ya fi ci mini rai, in shi ne da gaskiya fa? A busa ƙahon ranar ƙarshe, Ubangiji ya same ni a duƙe da ƙwaryar iri a hannu da ƙarya a baki, a ware shi da yara dama, ni hagu. Ran kasuwar Magarya motar kwamanda, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, ta yi oda a bayana, na ɗauka ƙahon ne aka busa, na saki ƙwaryata na zube a gwiwa ina kiran Yesu, mata suna dariya. Ban san ko imanina ne kaɗan ba, ko hankalina ne ya yi yawa. In shuka ko in jira?

Taki, Wadda Ta Ce Amin

*

'Yar'uwata,

Ki shuka. Na fara da wannan don kada ruwa ya sauka kina tsakiyar karatu.

Maigidanki ba mahaukaci ba ne, kada ki bari a sa ki kalle shi haka. Mutumin da ya taka da ƙafarsa ya nemi gafarar abokin gabarsa ya fahimci shiri fiye da yawancinmu masu cika bencin gaba ran Lahadi. Mun gaskata Ubangiji zai dawo, zai kuma yi shari'a. A nan ba shi da kuskure.

Kuskurensa rana ce da aka yanka masa. An faɗa mana ko mala'iku ba su san ta ba. Malam Ayuba ya fi mala'iku sani ke nan, kuma duk da haka ya zauna ya ci tuwonku kwana uku. Da ni ce, sai in aika a leƙa mini gonarsa, ba zan yi mamaki ba in an tarar da ita a share tas. Husufin nan kuwa, masu lissafin taurari sun rubuta ranarsa tun kafin ya zo. Tafiyar Faransawa ƙarshen kwamanda ce. Shi kam yana iya ɗaukarta ƙarshen duniya, ku ba dole.

Ki tuna yadda aka kwatanta mana ranar: maza a gona, mata a bakin dutsen niƙa. Ba a ce laifinsu aikin ba ne. Ƙwaryar iri a hannunki ba abin kunya ba ce gaban kowa, a ƙasa ko a sama.

Ƙaryar ce abin gyara, kin kuma sani, shi ya sa odar mota take durƙusar da ke. Ki faɗa masa da bakinki tun kafin ya ji a bakin wani. Ku je Dungas tare, ki faɗa a gaban mai bishara da matarsa, ban da Tanko, ban da maƙwabta. Namiji yakan sauko in ba a tara masa 'yan kallo ba. Ki nemi gafararsa kan ƙaryar, ban da irin. Sa'an nan ki tambaye shi a hankali: in Ubangiji ya zo kafin kaka, me kuka rasa ban da gero tulu guda a cikin ƙasa? In kuma ya jinkirta, me zai ce wa yara uku a watan yunwa, me kuma zai ce ran shari'a in an tambaye shi su?

Ranar da kuka dawo, a sanar da maigari za a shuka gandun. In maigidan ya ɗauki sungumi, ki bi bayansa kada ki ce uffan, ko da kin ci gardama. In ya ƙi, ki kira ƙannenki da rana tsaka, da saninsa, ki bar masa ƙofar shigowa ran noman farko. Na san manoma. Da wuya wanda ya taso a gona ya ga gero ya tsiro ya iya zama a zaure.

Allah ya kwantar miki da zuciya, ya ba ku damina mai albarka. In Almasihu ya zo bana, ya same ku a gona, ku biyu, babu ƙarya a tsakaninku.

Malama Hinda