Wa Zai Riƙe Gatusa?

Samnu, 4 ga Maris, 2002

Zuwa ga Rékia, gidan Inna Saoudé, unguwar Tayuri, Sabha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a boko ba.

Maganar Gatusa ce. Ranar da na ba ki takardar saki kin kwashe kayanki, ko cokali ban hana ki ba. Amma mage ba ta cikin kayan ɗaki. Ni na tsamo ta daga bututun ban ruwa a gonar dabino, tana kyarma, na kai ta ɗakinmu a Sabha cikin hulata. Na yi shiru wata huɗu ne don kada a ce ina neman hanyar ganinki cikin idda.

Ran Juma'a na shigo gari, na bi ta layinku. Ba leƙe na je yi ba, hanya ce. Sai na ga Sama'ilu tela zaune a ƙofar Inna, Gatusa kwance a cinyarsa, ta juya masa ciki yana sosa mata. Rékia, magen nan da ta ji muryar namiji sai ƙarƙashin gado. Ni da na cece ta, bazara guda na yi ina lallashi kafin ta yarda da hannuna. To shi yaushe ta san shi haka? Na ƙirga watannin da yatsuna, ba su isa ba.

Ki sa ta a kwali ki ba Seydou mai motar tumatir, wanda ya kawo miki wannan takarda.

Ki huta lafiya.
Moumouni

*

Tayuri, 9 ga Maris

Malam Moumouni,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, Inna tana amsawa.

Kai ka tsamo ta, ban musa ba. Wa ya yi ta ɗiga mata madara da cokali har ta miƙe? Kwana shida kana Samnu, ɗaya a gida, shi ma ɗayan kana duƙe a ƙofa kana duba sawun takalma. Ƙirgen nan naka shi ya kashe aurenmu, yanzu kuma ka koma kan mage.

Tun tana ƙarama, in kwanon ɗakinmu ya ɗauki zafi, shagon Sama'ilu take tafiya ta kwanta kan ƙyallaye, don yana da fanka. Duk layi sun sani. Ban faɗa maka ba don na san ginin da za ka yi a kai. Kuma kada ka ji a bakin wani: ya aiko manyansa wajen Inna. Bayan idda ta cika, ba kafin nan ba.

Gatusa ba ta shiga kwali. Ciki gare ta, ba zan bari a girgiza ta a bayan mota ba.

Sai wata rana.
Rékia

*

Samnu, 20 ga Maris

Rékia,

Sallama da gaisuwa, ke da Inna. Takardarki ta iso. Shekara uku ba ki taɓa faɗin sunana ba, yau ga shi kin rubuta shi gaba ɗaya, har da Malam.

Na yarda da maganar fanka. Na tuna ina tsintar zare a gashinta, ja da kore, ina zaton naki ne. Amma yardar ba ta sanyaya mini rai ba. Ashe ni ina ɗauko mata sardin duk mako, ita kuwa barcinta mai daɗi a wajen wani take yi. Rediyon masu gona kullum yana cewa Afirka gida ɗaya ce, kowa ya shigo. Ni ban ce a shigo har kan magena ba.

Ki riƙe uwar. Ko kin aiko ta, in ta hau cinyata sai na ga cinyar telan. Amma kin san yadda ake yi a gida: ɗa yana wajen uwa har a yaye shi, daga nan sai gidan uba. Inna za ta yi dariya, ta yi. Allah bai ba mu namu ba, wannan ce muka raina tare. In ta haihu ta yaye, ki ba ni ɗaya. Zan jira, jira bai taɓa gagarata ba. Sharaɗi guda: wanda hannun telan nan bai taɓa ba. Ki ɓoye mini shi ko a bayan tulu ne.

Allah ya sa alheri a abin da kika zaɓa. Da ƙyar na rubuta wannan layi, amma na rubuta.

Moumouni

*

Tayuri, 2 ga Yuni

Malam Moumouni,

Sallama. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce kana da gaskiya.

Huɗu ta haifa, kuma a shagonsa, cikin kwandon ƙyallaye. Ya taɓa su duka, ba zan yi maka ƙarya ba. Ga mai baƙin kunne nan a hannun Seydou. Ita ce ta ciji Sama'ilu a babban yatsa, kwana biyu bai riƙe almakashi ba.

Ka jiƙa mata burodi da madara, haƙoranta ba su yi ƙwari ba.

Ka zauna lafiya.
Rékia