Ɗigon da Ke Cikin Hoton Suna

Zuwa ga Mahdi, a Agege, Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare min kai a wannan gari mai yawan motoci, amin. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Malam mahaifinka ta lafa, har ya koma kasuwar kara wajen dabbobinsa, sai dai da sanda. Yayanka da matarsa lafiya lau, 'yarsu Mardiyya ta fara riƙe wuyanta. Ƙanwarka Zaituna ta sha zazzaɓin damina, amma ta tashi. Kaka Shatu ce dai idonta ya ƙara rufewa, duk wanda ya yi sallama sai ta tambaya ko kai ne. Ni kuwa jikina ƙalau, zuciyata ce ba ta zauna ba. Na so in kira ka a waya, amma mai lemar bakin tasha da ake biya a yi kira, kunnensa ya fi wayarsa kama magana, wannan kuma ba zancen titi ba ne. Shi ya sa na rubuto da hannuna. Ka yi haƙuri da karkacewar layin, ka san da furfura na shiga aji.

Maganar kyamararka ce. Ka tuna ranar da Hussaini, mutumin Baure, ya zo zauren gidanmu da baƙar jaka, ya fito da ita, irin wadda ba ta cin fim, da gilasanta biyu da ake ɗaura mata a baki, dogo mai jawo nesa da gajere. Ya ce ta yayansa ce marigayi, iyali sun yarda a sayar. Ka gwada ta a kan akuyata, muka ga akuya a bayan kyamara nan take, har Zaituna ta yi salati. Malam abin da ya tambaya kawai ko tana aiki. Aka yi musafaha, aka ce Allah Ya sa albarka, ni kuma na sayar da tunkiyata na cika maka. Babu wanda ya tambaya ko an raba gado. Mutumin da aka yi wa rasuwa, wa zai tsare shi da tambaya a zaure? Kunya ta hana mu, araha ta ruɗe mu.

To, makon jiya na je Baure wajen ƙanwata, Innarka Laraba. Na tafi da hoton nan da ka ɗauka ranar sunan Mardiyya, don in nuna mata aikin ɗanta. Da yamma ta ja ni gaida wata maƙwabciyarta mai takaba, Barakatu, wadda mijinta ya bar ta da yara uku. Laraba da bakinta ba ya shiru, ta ce in fito da hoton ko baiwar Allah ta ɗan saki fuska. Barakatu ta riƙe shi ta daɗe. Ba jaririyar take kallo ba. Can sama, wajen kusurwa, ta sa farce tana kankarewa. Sai ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wata tasa cike da hotuna, ta baje min su a tabarma. Mahdi, kowanne yana da baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero, a daidai inda naka yake da shi. Ta ce mijinta mai hoto ne, yakan ce datti ne ya shiga cikin kyamarar, kullum zai kai ta Kano a share, ita kuma tana tsokanarsa cewa ya bar shi, tambarinsa ne. Ta ce bayan sadakar uku ƙaninsa Hussaini ya ɗauki jakar, wai zai kai gyara, shi ke nan.

Ta tambaye ni wa ya ɗauki hoton. Na ce ɗana ne, na kuma faɗa mata wanda ya sayar maka. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi kawai da wannan jakar uban yaran nan yake ciyar da su. Da ta zage ni, da ya fi min sauƙi.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin azumi za ta fita takaba, a ranar kuma malamai za su zauna rabon gado. Laraba ta ce wan Barakatu mutum ne mai zafi, ya rantse in ba a ga kyamara a cikin kayan ba, gaban alƙali za a je, kuma har da wanda ya saya. Ka san tun da shari'a ta zo, in aka ambaci kayan sata kowa da abin da yake faɗa. Wata a makarantarmu ta ce hannu, wata ta ce bulala. Na tambayi malaminmu, ban ambaci suna ba. Ya ce wanda ya saya bai sani ba babu hukunci a kansa, amma cinikin bai ƙullu ba, don Hussaini ya sayar da abin da ba nasa ba. Ya ce daga ranar da mutum ya sani, in ya ci gaba da riƙewa, garwashi ne yake riƙe da shi, domin haƙƙin marayu ne. To, yanzu ka sani, ni na sanar da kai.

Na san wannan ne watan samunka. Kowa yana gaggawar ɗaura aure kafin azumi, kuma ka ce an riga an kama ka a bukukuwa da yawa. Na san in ka taho za ka saɓa wa mutane, wani mai hoton ya shige gabanka a garin da da ƙyar ka sami wurin tsayawa. Duk na auna wannan. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamin ya ce in aka kawo kyamarar aka ajiye a cikin kayan marigayi, za a yi mata kima, in magada sun yarda sai ka sake saye a hannunsu, a gaban shaidu. Ban yi maka alkawarin za su yarda ba. Abin da ka ba Hussaini kuwa, mahaifinka ya ce wannan tsakaninsa da shi ne. Ranar ko tuwo bai taɓa ba. Kada ka cire ko murfin gilashi daga jakar nan, kuma don Allah kada ka kai a share ɗigon.

Malam yana gaishe ka, da yayanka, da Zaituna, da Kaka Shatu. Innarka Laraba ta ce a gaishe ka, ta ce ka yafe mata bakinta. Ka gaida maigidanka da abokan zamanka.

Sadiq direban motar shanu ne zai kawo maka wannan, kuma zai juyo kafin waccan Juma'ar. In ba za ka biyo shi da ƙafarka ba, ka ba shi jakar. In ma wannan ya gagara, ka ba shi amsa, ko layi ɗaya ne. Ni dai ranar zan koma Baure in zauna a tabarmar Barakatu, ina so in san da abin da zan shiga. Hoton sunan na sauke shi daga bango na kife a cikin akwati. In na duba ba na ganin jikata, ɗigon kawai nake gani.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Kubura, Daura.