Bokitin Baba a Tudun Bonari

Zuwa ga ƙanena Kanji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya a Sao Paulo, Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Aizu kalau muke, shinkafa ta fara nuna, gwiwar Baba kuwa tana nan da halinta.

Ka san 'yata Chizuru ta kawo wanda take so, Naoya. Mutumin kirki ne, laifinsa ɗaya, ɗan Hagi ne, ƙasar Choshu, waɗanda suka yaƙe mu shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Baba ya rantse ba zai sa albarka ba, ita kuma ta ce ba za ta yi aure ba sai da yardar kakanta. Ni dai ko a jikina, na san tsohon nan, bakinsa ya fi zuciyarsa zafi. Na ce Naoya ya bi mu tudun Bonari, filin yaƙin, ranar wanke dutsen da aka kafa inda kakan kakanmu ya faɗi.

Wurin yana nan yadda ka bar shi, ramukan da mayaƙanmu suka haƙa har yanzu ana ganinsu cikin ciyawa. Muna isa Naoya ya durƙusa, goshi a ƙasa, yana neman gafara a madadin Choshu gaba ɗaya. Ka san Baba ba abin da ya tsana kamar a ji tausayin Aizu. Ya dube shi sama da ƙasa, ya tambaye shi ko shi ne ya harbi kakan kakanmu. Naoya ya ce a'a. Baba ya ce to ya tashi ya daina ɓata wandonsa, waɗanda ke kwance nan ba tausayi suke nema ba, ruwa suke so. Ya miƙa masa buroshi. Naoya ya goge dutsen har bayansa, inda ni da kai muke tsallakewa muna yara, Baba yana tsaye yana ta mita wai mutanen Hagi ba su iya komai ba.

Da za mu sauko, Baba ya ɗauki bokitin katakon nan da bai taɓa bari ko kai ka riƙe ba, ya danƙa wa Naoya. Ya ce, "Gwiwata ta gama hawan nan. Baɗi kai za ka kawo shi." Chizuru ta juya baya tana kuka, ni ma ban tsira ba.

Biki watan Afrilu ne, ka fara shiri. Ka gaishe mini da Sumiko da su Haruo. Baba ya ce in gaya maka bokiti ya sami mai shi, kada ka yi kishi.

Yayarka,
Fumie