Rawanin Mahari

Laraba, bayan isha'i, Ƙofar Kware

An ce ranar Juma'a za a naɗa wa mutumin da ya ƙone ƙauyenmu rawani. Yaya Sani ne ya kira ni da la'asar ya faɗa mini, muryarsa a kwance kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Makon nan kuwa nake fassara wa shirinmu na rediyo tarihin wani mahari daga mutanen Viking, mayaƙan teku na arewacin Turai a zamanin da. Ya yi shekaru yana sauka bakin teku yana ƙona garuruwa, har aka gaji aka ba shi ƙasa don a zauna lafiya, ya zama sarki. 'Ya'yansa suka gaje shi, jikokinsa suka sa mawaƙa suka wanke sunansa. Jiya da na zo wurin har dariya na yi, na ce ashe Turawa ma sun ga abu.

Na tambayi Yaya ko zai je wurin naɗin. Ya ce, "Kai kana Sakkwato kana karatunka. Gonakinmu na hannunshi, gero kuwa ya kusa nuna. Mi kaka so in yi?" Wai kowane gida zai tura babbansa gaisuwar murna. Babba a gidanmu yanzu Inna ce, wadda a gabanta aka harbe Baba.

Na kira mutum biyu a fadar hakimi. Ɗaya ya kashe waya, ɗaya ya ce bai da labari. Har yanzu ba wanda ya tabbatar mini ko an faɗa wa Inna.